Yadda ake zaɓa wa tsohuwar laftof Linux ɗin da za ta iya ɗauka

Akwai laftof ɗin da za ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka dawo ka tarar ba ta gama buɗewa ba. Fankarta na ta huci, ƙasanta ya yi zafi, ka danna abu sau ɗaya ta yi shiru, ka danna sau uku sai ta buɗe shi sau uku. Yawancin irin waɗannan ba lalacewa suka yi ba, kaya aka ɗora musu da ya fi ƙarfinsu.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, kamar yadda ya rufe na Windows 7 tun Janairun 2020. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko takwararta ta AMD. Laftof ɗin hannu da suka cika shagunanmu, irin su HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420 da ThinkPad T420, 'yan 2011 ne, furosesarsu ta ƙarni na 2 ce. Ƙarfensu na nan garau, ƙofar Windows ce ta rufe musu.

A nan Linux ke shigowa. Buɗaɗɗiyar babbar manhaja ce, wato rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Ba a sayen lasisi, ba a neman mai fasa ta. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne yawan nau'o'inta. Kamar gero ne, wani ya yi fura, wani ya yi kunu, wani ya tuƙa tuwo. Ɗaruruwa ne, amma waɗanda za mu duba ba su wuce biyar ba.

Tukuna, me za a yi da kwamfutar?

Mutane kan tsallake wannan tambayar, daga baya su zo suna zagin Linux. Idan aikinka rubuta aikin makaranta ne, karanta PDF, kallon darasi a YouTube, WhatsApp ta burauza, taron Zoom, ko koyon rubuta manhaja, to duk Linux na yi. LibreOffice na maye gurbin Word da Excel da PowerPoint, VLC na buɗe bidiyo da sauti, Firefox da Chrome duk suna aiki.

Amma idan abincinka a CorelDRAW yake, kana shagon buga katin biki da kalanda, ka dakata. CorelDRAW ba ta da nau'in Linux, haka Photoshop, haka AutoCAD. Akwai Inkscape da GIMP, manhajojin zane da gyaran hoto da ke aiki a Linux, kuma suna da ƙarfi, sai dai mai kawo aiki da fayil ɗin Corel a filash ba zai tsaya jin bayani ba. Mai irin wannan sana'a ya bar Windows a kwamfutar aiki, ya gwada Linux a wata.

Karanta kwamfutar kafin ka sauke komai

Abu uku kake nema: yawan RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, ana auna ta da giga), irin furosesa, da irin faifan ajiya. A Windows ka danna madannin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. Ka kwafi sunan furosesar da yawan RAM a takarda.

Maganar furosesa ita ce ko 64-bit ce ko 32-bit. A nan akwai tarko. Kwamfutoci da yawa furosesarsu 64-bit ce amma mai gyara ya sa musu Windows 32-bit, sai mai ita ya ɗauka iyakarta ke nan. A Windows 10, shafin About a cikin Settings yana bambancewa, idan ka ga "x64-based processor" to 64-bit ce ko da Windows ɗin 32 ce. Idan kuma daga suna za ka gane, duk Core i3 da i5 da i7 64-bit ne, haka Core 2 Duo. Core Duo marar lamba 2, da Pentium M, da Atom N270 na ƙananan laftof ɗin nan na wajen 2008 da 2009, su ne 32-bit.

Bambancin na da muhimmanci domin ana ta watsar da 32-bit. A cikin manyan nau'o'in Linux, Ubuntu da 'ya'yanta, wato waɗanda aka gina a kanta, sun daina tuni, Linux Mint 19.3 ce ta ƙarshe a babban layin Mint, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ma ta daina fitar da faifan sanyawa na 32-bit. Chrome ya bar Linux 32-bit tun 2016.

Faifan ajiya kuwa, kasa kunne. Idan kana jin ƙarar juyawa da ɗan ƙas-ƙas idan tana aiki, tsohon faifai ne mai juyawa. Zan dawo kansa, domin shi ne babban mai laifi a jinkirin da ake ɗora wa Windows.

Zaɓin kansa

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya nemi wadda ta fi kowacce rashin nauyi, ya ɗora ta a kwamfuta mai giga 4 ko 8, sannan ya kwana yana neman inda ake haɗa Bluetooth. Rashin nauyi na da farashi. Abin da aka cire don ta yi sauƙi galibi shi ne abin da ke sauƙaƙa wa mutum aiki. Don haka ka ɗauki mafi cikar da kwamfutarka za ta iya ɗauka ba tare da nishi ba.

Abin da ya fi bambanta nauyinsu shi ne fuskar aiki, wato tagogi da menu da sandar ƙasa da kake gani. GNOME, wadda ke zuwa da Ubuntu ta asali, mai nauyi ce ga tsohuwar kwamfuta. Cinnamon tsaka-tsaki ce. Xfce da LXQt da MATE sun fi sauƙi. Ƙasa da su akwai irin su IceWM, waɗanda aikinsu kusan zana tagogi ne kawai.

Idan kana da giga 4 zuwa sama da furosesa 64-bit, ɗauki Linux Mint mai Xfce. Ita nake fara ba duk wanda ya taso a Windows 7, domin menu na kusurwar hagu ta ƙasa inda hannunsa ya saba, kuma tana da manhajar sabuntawa da ta neman direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki) waɗanda ba sa buƙatar rubuta umarni. Masu ita sun ce giga 2 ne mafi ƙarancin RAM, giga 4 don a sake, da fili giga 20 a faifai. Jerin Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, kuma zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Mai giga 8 na iya ɗaukar Mint mai Cinnamon, ta fi kyan gani.

Giga 2 shi ne wurin da ake jayayya. Lubuntu mai LXQt na tafiya a nan, haka MX Linux mai Xfce, wadda aka gina a kan Debian. Lubuntu ta fi kama da abin da mutum ya sani, kuma duk bayanin da aka rubuta don Ubuntu a intanet yana yi mata aiki, abin da ba ƙaramar riba ba ce ranar da ka maƙale. Sai dai ka lura, Ubuntu ta asali mai dogon tallafi shekara 5 take samu, Lubuntu da Xubuntu shekara 3. MX kuma tana da tarin kayan gyara nata na kanta, ga wanda ba ya tsoron leƙa menu. Ni a giga 2 Lubuntu nake fara gwadawa, in ta yi nauyi in sauka ƙasa.

Ƙasan shi ne antiX. Ita ce ta mai giga 1 ko ƙasa da haka, kuma ita ce amsar mai furosesa 32-bit, domin tana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe wannan layin. Idan ta gama buɗewa ba ta cin ko rabin giga. Fuskarta ta zamanin da ce, saitinta na neman haƙuri, amma tana tayar da kwamfutar da aka riga aka yi wa sallar gawa. Akwai kuma Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003. Ƙarama ce sosai, tana iya shigewa cikin RAM gaba ɗaya ta yi aiki daga can. Tana da amfani wajen ceto fayiloli daga kwamfutar da Windows ɗinta ta ƙi tashi, amma ba zan ba sabon shiga ita a matsayin ta kullum ba, tsarinta ya sha bamban da sauran.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce burauza ce ke cinye RAM. Za ka iya sa antiX ta tashi cikin ƙiftawar ido, amma da ka buɗe Facebook da YouTube da WhatsApp a lokaci guda, shafukan nan nauyinsu ɗaya ne ko a Windows ko a Linux. Kwamfuta mai giga 1 za ta yi rubutu, ta karanta littattafai, ta kunna karatu da wa'azi da aka sauke, ta buɗe shafi ɗaya ko biyu. Ba za ta zama sabuwa ba. Duk wanda ya ce maka za ta zama, bai gwada ba.

Shi ya sa kafin ka sauka zuwa antiX, ka tambayi mai gyara ko kwamfutar na karɓar ƙarin RAM. Waɗancan 'yan 2011 da na ambata RAM irin DDR3 suke sha, ramuka biyu gare su, kuma suna ɗaukar giga 8. 'Yan zamanin Core 2 Duo yawanci DDR2 ne, masu ƙarni na 4 kuma DDR3L. Ka tafi da laftof ɗin shagon a gwada a gabanka, kada ka sayo da ka.

Dabarar da ta fi duk sauran

Sayi SSD, wato faifan ajiya na zamani, mai inci 2.5 irin na SATA, ko da giga 128 ne. Cire tsohon faifan yadda yake, da Windows ɗinsa da hotunansa da komai, ka ajiye a aljihun tebur. Sa sabon, ka ɗora Linux a kansa. A laftof ɗin ofis irin EliteBook da Latitude da ThinkPad, 'yan sukurori kaɗan ne tsakaninka da faifan.

Riba biyu ke nan. SSD ba shi da abin da ke juyawa, don haka buɗe kwamfuta da buɗe manhaja na raguwa daga mintoci zuwa daƙiƙoƙi. Sannan ba ka goge komai ba. Idan Linux ba ta karɓe ka ba, mayar da tsohon faifan, ka koma inda kake. Idan ta karɓe ka, sayi ɗan gidan USB ka sa tsohon a ciki ya zama ma'ajiyar waje. Tunda an buɗe ta, a hure ƙurar hunturu da ta toshe fankar, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Furosesar da ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Wanda ba shi da halin SSD yanzu, ya kwashe duk abin da yake so zuwa filash ko wani faifan, ya buɗe su a wata kwamfutar ya tabbatar sun kwafu. Kada ya manta da kalmomin sirri da ke ajiye a burauza.

Saukewa da shirya filash

Daga shafin masu manhajar kaɗai za ka sauke, linuxmint.com ko lubuntu.me ko mxlinux.org ko antixlinux.com. Fayil ne guda mai ƙarewa da .iso, na Mint da Lubuntu kusan giga 3 kowanne, na antiX bai kai haka ba. Datar dare ta fi araha, ko ka nemi inda ake da wayifai. Idan intanet ɗinka na yankewa, yi amfani da torrent ɗin da shafin ya bayar, yana ci gaba daga inda ya tsaya kuma yana tantance abin da ya sauke.

Fayil ɗin da ya sauka da rauni yakan bari sai an yi nisa da sanyawa sannan ya tsaya. Don kauce wa haka, buɗe Command Prompt a foldar da yake, ka rubuta:

certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256

Dogon jerin lambobi da haruffa zai fito. Gwada shi da wanda ke shafin da ka sauko da fayil ɗin. In sun bambanta, sake saukewa.

Filash mai giga 8 ya isa nau'i ɗaya. Rufus ce aka fi sani wajen rubuta shi, kuma mai Windows 7 ya nemi Rufus 3.22, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta. A kwamfutar da ta girmi 2012, zaɓi MBR a wurin tsarin rabon faifai. Ni dai na fi son Ventoy. Sau ɗaya ake sa ta a filash, daga nan sai ka riƙa kwafa fayilolin iso ciki kamar yadda kake kwafa waƙa. Filash mai giga 16 zai ɗauki Mint da Lubuntu da antiX tare, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a zama guda. Rufus da Ventoy duka suna goge abin da ke filash ɗin. Kuma a kiyayi filash na jabu mai nuna girman da ba shi da shi, yana ɓata aiki ba tare da ya nuna alama ba.

Gwaji kafin aure

Kashe kwamfutar, soka filash, kunna, ka yi ta danna madannin zaɓen abin da za ta tashi da shi. A HP Esc ne sannan F9. A Dell da Lenovo da Toshiba F12. A Asus Esc. A Acer F12 ne, amma wani lokaci sai an shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, da F2 an kunna shi. Idan filash ya ƙi tashi a kwamfutar da ta zo da Windows 8 ko 10, shiga BIOS ka kashe Secure Boot.

Linux za ta buɗe daga filash ba tare da ta taɓa faifanka ba. Kada ka yi gaggawar danna alamar sanyawa. Ba ta rabin awa. Haɗa wayifai. Kunna bidiyo ka ji sauti, ta lasifika da ta abin kunne. Ƙara hasken allo ka rage. Gwada kyamara, da wurin shafa yatsa, da kowace kafar USB. Rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Idan kana da firinta, soka ta yanzu. Buɗe shafukan da ka saba buɗewa, yawan da ka saba, sannan ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta free -h, ka duba abin da ke ƙarƙashin available, shi ne RAM ɗin da ya rage. Idan ya kusa ƙarewa, sauka zuwa mai sauƙi. Jinkirin buɗe manhaja a wannan matakin ba abin damuwa ba ne, filash ne ke jawo shi.

Wayifai ne ya fi ba da matsala, musamman katin Broadcom da ke cikin tsofaffin HP da Dell da yawa. Rashin ganinsa a gwaji ba ya nufin an fasa. Haɗa wayarka ta Android da igiyar caja, kunna USB tethering, intanet zai shigo nan take, daga baya a sauko da direban.

Sanyawa

Batirin tsohuwar laftof ba abin dogaro ba ne, wasu ko minti 5 ba sa riƙewa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta faifai, sai an faro daga farko, kuma idan kana raba faifan da Windows ne, abin da ke ciki na iya tafiya. Na taɓa yin wannan gangancin da yamma ina ganin wutar ta zauna, ban kai rabi ba unguwa ta yi duhu. Nemi inda ake da sola ko janareta, ko shagon caji.

A Mint, danna Install Linux Mint. Zaɓi harshe da tsarin kibod. Sa alama a wurin multimedia codecs domin bidiyo da sauti su buɗe ba gardama. Sai tambaya mafi hatsari, ta faifai. "Erase disk" na goge komai, shi ne daidai ga sabon SSD ko faifan da ka riga ka kwashe. "Install alongside" na ajiye Windows a gefe, duk kunnawa ka zaɓi wadda za ka shiga. Yana aiki, amma a ƙaramin faifai matsi ne ga duka biyun, kuma sai ka kashe Fast Startup a Windows tukuna, idan akwai BitLocker, makullin faifai na Windows, ka dakatar da shi. A taswirar lokaci mutumin Najeriya ya zaɓi Lagos, na Nijar Niamey. Sa suna da kalmar sirri da ba za ka manta ba, domin duk sanya manhaja da sabuntawa sai an tambaye ka ita. A Terminal idan kana rubuta ta wani lokaci ba abin da zai bayyana, ba lalacewa ba ce, rubuta ka danna Enter. Idan ta gama za ta ce ka zare filash ka sake kunnawa.

Ranar farko

A Mint, buɗe Update Manager ka sabunta, na farkon yakan ci data da ɗan yawa. Sai Driver Manager, a nan direban Broadcom ko na katin hoto na Nvidia zai bayyana in ana buƙata. A Firefox sa uBlock Origin. Tallace-tallacen da yake tarewa suna ƙara wa shafuka da yawa nauyi, ga kuma ragin data. A YouTube tsaya a 480p in hoton na sarƙewa.

Ɗalibi ya kula da abu biyu. Malamai kan nemi Times New Roman, kuma ba ya zuwa da Linux. A Mint da Lubuntu rubuta sudo apt install ttf-mscorefonts-installer ka amince da sharuɗɗan. Sannan a LibreOffice shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka mayar da ajiyar rubutu ta zama docx. In za ka kai bugawa shago, fitar da shi a PDF, shafukan ba za su goce ba.

Mai rubutun Hausa ya shiga saitin kibod ya ƙara tsari, a jerin akwai Hausa ta Najeriya da Hausa ta Gana, masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Duba hoton tsarin ka ga inda kowane harafi ya faɗa kafin ka fara.

Fayil mai ƙarewa da .exe ba ya buɗewa a nan, manhaja daga Software Manager ake ɗauko ta. Wannan ne ma ya sa ƙwayar cutar nan da ke mayar da fayilolin filash su zama shortcut ba ta kama Linux. Idan aka kawo maka irin wannan filash, soka shi, danna Ctrl da H don ɓoyayyun fayiloli su fito, kwashe na gaskiyar, sannan ka goge filash ɗin gaba ɗaya kafin ya koma wata kwamfutar mai Windows.

Idan kuma bayan duk wannan shafuka suna ƙin buɗewa suna kukan rashin tsaro, duba agogon kwamfutar. In ka ga ta koma wata shekara ta can baya duk lokacin da aka kashe ta, ɗan batirin da ke kan allon cikinta ne ya mutu. Yawanci CR2032 ne, mai faɗin kwabo, a wasu laftof ɗin an naɗe shi da roba da 'yar igiya. Kai wa mai gyara ya canza, ka shiga BIOS ka gyara kwanan wata.